Fiya-fiya a Kan Lemo: Kasuwanci Ne Ko Cin Amana?



Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah (SWT), wanda Ya shayar da ƙasa, Ya fitar da 'ya'yan itatuwa iri-iri, Ya sanya abincin bayinSa amana a hannun junansu. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu (SAW), da alayensa da sahabbansa, da duk wanda ya bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya ɗan'uwa mai karatu, na daɗe ina jinkirta wannan rubutu, domin kuwa mutanen da zan taɓa a cikinsa ba baƙi ba ne a wurina. Da su nake yin sahu a masallaci, 'ya'yansu nake karantarwa, wasunsu ma sun haife ni. Amma idan ya kasance shirun mutum zai kai guba bakin yaro, to wannan shirun ya tashi daga kunya ya koma cin amana. Saboda haka zan yi magana, kuma gyara kayanka bai taɓa zama sauke mu raba ba.

ABIN DA YA FARU

Ni malamin Islamiyya ne a ƙasar Garun Malam, yankin da Allah Ya albarkata da ruwan madatsar Tiga, inda ake noman rani tun shekarun 1970, daga Kadawa har Kura da Bunkure. Mu tumatir da shinkafa da albasa da alkama muka sani. Lemon zaƙin da muke sha galibinsa daga jihar Binuwai yake zuwa, motocinsa su bi ta titinmu su wuce kasuwar 'Yan Lemo da ke Na'ibawa a Kano, daga can kuma ƙananan 'yan kasuwarmu su saro su dawo mana da shi.

A hunturun da ya gabata muka shirya walimar saukar Alƙur'ani ta ɗalibanmu. Iyaye suka haɗa kuɗi, aka sayo lemo buhu biyu a wurin wani dattijo da nake matuƙar girmamawa. Da aka kwance bakin buhu a ofis, sai wani wari ya bugi hancinmu. Kafin in ce komai wata ƙaramar ɗaliba ta toshe hancinta da hijabi ta ce: "Ya Sayyadi, wannan ai warin fiya-fiya ne." Muka ɗaure buhunan, na hau babur na koma wurinsa.

Bayan mun gaisa na ce: "Baba, me aka sa wa lemon nan?"

Ya ce: "Malam, ɗan yayyafi ne kawai na yi masa saboda ƙuda da ruɓa, na rufe da tamfol ya kwana. Kowa haka yake yi. Kuma ai ba ɓawon ake sha ba."

Na ce: "To Baba, me ya hana ka gaya wa yaran da muka aiko?"

Sai ya yi murmushi ya ce: "Haba Malam! In na faɗa, wa zai saya?"

Ya ɗan'uwa, riƙe wannan amsa da kyau, domin za mu dawo kanta. Da bakinsa ya yanke hukuncin mas'alar baki ɗaya, alhali bai ankara ba.

ABIN DA BA NA FAƊA

Kafin in ci gaba, bari in toshe wata ƙofa. Ba na cikin masu cewa duk maganin ƙwari haramun ne, ko kuwa makirci ne da aka ƙulla don a rage yawanmu. Wannan magana ce ta wanda bai taɓa riƙe fartanya ba. Mu nan mun ga abin da tsutsar tumatir da manoma ke kira sharon ta yi a 2016, lokacin da mutum zai kwana da gona kore shar, ya wayi gari cikin 'yan kwanaki ta zama kamar an cinna mata wuta. Tsare dukiya yana cikin manyan manufofin shari'a, kuma barin abinci ya lalace alhali ana iya tsare shi almubazzaranci ne. Wanda ya saro lemo da bashi, ya ga kullum yana zubar da kwano guda a bola, yana da haƙƙin ya nemi mafita.

Abin da nake faɗa shi ne: kashe ƙwaro ilimi ne mai iyaka da awo. Wanda ya yi shi da jahilci ya cutar, wanda kuma ya yi shi ya ɓoye wa mai saye ya ci amana. Masu kare wannan ɗabi'a suna da shubuhohi guda huɗu, kuma zan bi su ɗaya bayan ɗaya.

SHUBUHA TA FARKO: "AI TURAWA MA SUNA YI"

Wani matashi da ya ji labarin ya ce da ni: "Ya Sayyadi, ai ko a ƙasashen waje ana turara lemo da magani bayan an tsinke, na gani a intanet." Gaskiya ne ya gani, sai dai kan maganar ya ɗauko ya bar gangar jikinta.

Turara lemo tsohon abu ne. Tun ƙarshen shekarun 1880 manoman Kalifoniya ta Amurka suka fara lulluɓe itatuwan lemo da tanti suna sakin iskar sayanayid a ciki, don kashe ƙwarin da ke manne wa reshe da ganye. Daga baya aka riƙa turara 'ya'yan bayan tsinka, musamman waɗanda za su tsallake iyaka, don kada ƙwaron wata ƙasa ya shiga wata. An ɗauki shekaru ana amfani da wani sinadari mai suna etilin daiburomaid, har bincike ya nuna yana haddasa ciwon daji a jikin dabbobin gwaji, sai hukumar kare muhalli ta Amurka ta hana turara hatsi da lemo da shi a 1984. Akwai kuma metil buromaid, wanda aka gano yana cinye rufin ozon da ke kare mu daga illar hasken rana. Ƙarƙashin yarjejeniyar Montiriyal aka sa ƙasashe masu arziki su daina amfani da shi a 2005, masu tasowa kuma a 2015, in ban da abin da ya shafi tsare iyaka daga ƙwari. Shi ya sa da yawa daga manyan masu fitar da lemo suka koma ga sanyi: a ajiye lemon a sanyin da ya kai kusan digiri 2 ko ƙasa da haka, tsawon kwana 14 zuwa 18, sau da yawa a cikin jirgin ruwa yana tafiya, har ƙwai da tsutsar da ke ciki su mutu ba tare da ɗigon guba ba. A 2022 Tarayyar Turai ta wajabta wa Afirka ta Kudu irin wannan sanyaya lemo saboda wata tsutsa, har rikicin ya kai gaban Ƙungiyar Ciniki ta Duniya.

Inda kuma ake turarawa har yanzu, dubi yadda ake yi. Mai lasisi ne yake yi, a ɗakin da aka toshe ko'ina. Ana auna girman ɗakin da nauyin maganin da zafin wurin da yawan sa'o'i. Ana da na'urar da ke nuna yawan iskar a ciki da waje. Idan an gama a buɗe a shanya kayan har gubar ta fice, a ɗebi samfuri a kai ɗakin gwaji, sannan a rubuta duk abin da aka yi a takardar shaida da za ta raka kayan. Idan ragowar maganin ta haura iyaka, a bakin tashar jirgi za a mayar da kayan ko a lalata su.

To don Allah ina haɗin wannan da yayyafa fiya-fiya da tsintsiya a rufe da tamfol? Su da awo suke yi, mu da kintace. Su rubutawa suke yi don mai saye ya sani, mu ɓoyewa muke yi don kada ya sani. A darasin usulu irin wannan ake kira ƙiyasi tare da bambanci, kuma ɓatacce ne. Misalinsa kamar wanda ya ga likita ya tsaga cikin majinyaci ne, sai ya ɗauko wuƙar fawa ya ce shi ma zai yi, tunda ai duk yanka ne.

SHUBUHA TA BIYU: "IN BAN SA BA ZAI RUƁE"

Abin takaici, wannan guba ko aikin da ake sa ta ma ba ta yi. Abu biyu ne manya suke lalata lemo bayan tsinka.

Na farko shi ne ƙudan 'ya'yan itatuwa. Macensa tana huda ɓawo tun lemon yana kan bishiya ta zuba ƙwai, tsutsa ta ƙyanƙyashe ta shige ciki tana ci. Wani mugun nau'insa ɗan asalin Asiya ne, an fara ganinsa a Kenya a 2003, cikin 'yan shekaru ya iso Afirka ta Yamma yana ɓarna a mangwaro da lemo. Tsutsar da ta riga ta nutsa cikin tsokar lemo, yayyafin da aka yi a bayan ɓawo ba zai cim mata ba.

Na biyu shi ne fumfuna, wannan kore ko shuɗin gari da ke lulluɓe lemo. Ita ba ƙwaro ba ce, kuma maganin ƙwari ba ya kashe ta. Ta hanyar rauni take shiga: lemon da aka girgizo ya faɗo ƙasa, wanda aka jibge a tirela aka hau kansa aka zauna, wanda aka cusa a buhu aka jefo daga saman mota. Ƙananan ƙudajen da kake gani suna shawagi a kan kashin lemo kuwa, warin wanda ya riga ya fashe ne ya kira su. Ruwa ba ya tsami banza. Saboda haka mai yayyafa fiya-fiya shaida yake kora, ɓarawon yana nan zaune a cikin ɗaki. Ya kashe kuɗinsa, ya ɗauki alhaki, lemon kuma ya ci gaba da ruɓa.

SHUBUHA TA UKU: "AI BA ƁAWON AKE SHA BA"

Duba yadda muke shan lemo a ƙasar nan. Mai lemo ya riƙe shi a hannu ya fere da wuƙa, wuƙar da ta bi ta kan ɓawo ita ce za ta yanke kansa, hannun da ya murza ɓawon shi ne zai miƙo maka, kai kuma ka kafa baki ka tsotsa. Yara kuwa da haƙori suke ɓarewa. Iyayenmu mata suna shanya ɓawon, wasu su sa a shayi, wasu su turara a ɗaki don sauro.

Fiya-fiya galibi ana haɗa ta ne da sinadarin daikulobos, wanda za ka ga an rubuta DDVP a jikin kwalabensa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya shi a ajin magunguna masu haɗari ƙwarai. Yana shiga jiki ta baki, ta numfashi, har ma ta fata. Aikinsa shi ne ya hana jijiyoyi hutawa bayan sun isar da saƙo, shi ya sa wanda ya kwankwaɗe shi ko ya shaƙa da yawa za ka ga yana dalalar da yawu, gumi yana karyo masa, ƙwayar idonsa ta ƙanƙance, ga amai da gudawa, numfashi yana sarƙewa. Haƙiƙa yana tashi a iska sannu a hankali, amma wa ya auna nawa aka zuba, wa kuma ya auna nawa ya rage? Sannan wanda zai fara kwasar cutar ba mai saye ba ne, shi mai yayyafin ne, da almajirin da yake kwana a siton.

Akwai ƙannenta guda biyu. Ɗaya ita ce ƙwayar nan da manoma ke kira bom, wadda idan ta sha danshin iska take sakin iskar fosfin. Kowace ƙwaya mai nauyin giram 3 tana sakin giram 1 na wannan iska, kuma gubarta ba ta da makari a asibiti, sai dai a tallafi majinyaci a jira hukuncin Allah. An yi ta ne don busasshen hatsi, a rumbu ko sito da aka toshe na kwanaki, nesa da inda mutane ke kwana. Ba a yi ta don ɗanyen kayan marmari ba, ba a kuma yi ta don buhun da aka jingine a ɗakin amarya ba.

Ɗayar kuma ita ce kabaid, wannan dutsen da masu walda ke jiƙawa su sami wuta. Ana ƙunshe shi a tura cikin mangwaro da ayaba da lemo don launinsu ya juya. Iskar asetilin yake fitarwa, kuma na masu walda yana ɗauke da dattin sinadarai masu guba irin su asenik. Hukumar NAFDAC ta sha yin gargaɗi a kansa, har ta ƙaddamar da gangamin wayar da kai a 2023. Ga wani abin mamaki: lemo ba ya cikin 'ya'yan itatuwan da ke ƙara nuna bayan an tsinke su. Zaƙin da ya baro bishiya da shi, da shi zai ƙare. Kabaid riga kawai yake canja masa. Ashe ke nan amfaninsa guda ɗaya ne tak a kan lemo: ya yaudari ido.

SHUBUHA TA HUƊU: "WA YA TAƁA MUTUWA? KUMA AI AJALI NE"

In kunne ya ji, jiki ya tsira. A 2008 an kwashi ɗalibai mata fiye da 100 na wata makarantar sakandare a jihar Gombe zuwa asibiti bayan sun ci wake, gwaji ya nuna akwai maganin ƙwari na lindan a ciki. A wannan shekarar NAFDAC ta haramta magungunan gona guda 30. A watan Yunin 2015 Tarayyar Turai ta dakatar da shigar da busasshen wake daga Nijeriya, saboda iyakar daikulobos a wurinsu ita ce miligiram 0.01 a kowane kilo, amma an samu namu yana kaiwa har 4.6, wato ninki 460. An kuma tsawaita takunkumin a 2016 da 2019. Tambayata ita ce: waken da Bature ya ce ba zai ci ba, wa ya ci gaba da cin irinsa? Ni da kai ne, a ƙosai da alale da garau-garau. A 2018 hoton bidiyo ya bazu na masu zuba Sniper a wake, a 2019 kuma NAFDAC ta hana sayar da shi a kasuwannin fili da manyan kantuna. A nan Kano ma, a watan Maris na 2021, ɗaruruwan mutane sun kwanta asibiti, wasu suna fitsarin jini, wasu suka rasa rayukansu, saboda wani sinadarin masana'antu da aka sayar a matsayin ɗan tsami na haɗa lemon sha. Wannan ba maganin ƙwari ba ne, amma cutar guda ce: kwaɗayin riba ya auri jahilci.

Waɗannan su ne waɗanda aka ji labarinsu. Yaron da ya sha lemo da la'asar ya kwana yana amai, uwarsa za ta ce shawara ce ko zazzaɓi, ba wanda zai koma wurin mai baro.

Batun ajali kuwa, kalmar gaskiya ce aka nufi ɓarna da ita. Wanda aka harbe ma da ajalinsa ya mutu, amma wannan bai hana shari'a kama maharbin ba. Ba a kafa hujja da ƙaddara a kan laifin da mutum ya aikata da zaɓinsa. Da hakan ya halatta, da babin diyya da na ramuwa ba su da amfani a littattafan fiƙihu.

HUKUNCIN SHARI'A

Yanzu mu koma ga amsar dattijo: "In na faɗa, wa zai saya?" Duk wanda ya zauna gaban malami ya karanta babin ciniki a Risala ya san algus da ɓoye aibi suna cikin haramtattu, kuma ma'aunin da malamai suke ba mu mai sauƙi ne: abin da ka san mai saye zai fasa idan ya ji, wajibi ne ka faɗa masa. Imamu Muslim ya ruwaito daga Abu Huraira (RA) labarin ranar da Manzon Allah (SAW) ya wuce wani tulin abinci a kasuwa, ya cusa hannunsa mai albarka ya ji danshi a ƙasa. Mai kayan ya ba da uzurin ruwan sama, amma Annabi (SAW) bai karɓa ba, ya nuna masa cewa jiƙaƙƙen ya kamata ya ɗora a sama mutane su gani, sannan ya nesanta mai algus daga tafarkinsa. Ya ɗan'uwa, wancan ruwan sama ne kawai, wanda ba shi ya zuba ba. To ina ga wanda ya sayo guba da kuɗinsa ya yayyafa da hannunsa?

Haka nan a hadisin Hakim ɗan Hizam (RA) da Bukhari da Muslim suka ruwaito, an rataya albarkar ciniki a kan faɗin gaskiya da bayyana aibi, aka kuma rataya shafewarta a kan ƙarya da ɓoyewa. Mai ganin fiya-fiya ce ke tsare masa jari, ya sani albarkar jarin take ƙonewa.

Idan aka ce larura ce, sai mu ce: larura tana halatta maka ka ci mushe don ka rayu, amma ba ta halatta maka ka ciyar da wani guba don jarinka ya rayu. Malamai sun tabbatar cewa ba a gusar da cuta da cuta irinta, balle wadda ta fi ta. Asarar kwano biyu na lemo da lafiyar ɗan mutum ba sa hawa sikeli ɗaya. Kuma wannan haramci bai keɓanta da Musulmi ba. Direban da ya tsaya a bakin titi ya saya, ko wane addini yake bi, jininsa da lafiyarsa suna da alfarma.

Idan kuma aka ce "ban sani ba", to tun a Ahalari aka koya mana cewa ilimi yana gaban aiki. An ruwaito cewa Sayyidina Umar (RA) ya hana wanda bai fahimci hukunce-hukuncen ciniki ba yin saye da sayarwa a kasuwar Musulmi. A zamaninmu, sanin abin da ke rubuce a jikin kwalbar da kake zubawa a abincin jama'a yana cikin wannan fahimta.

MU MA MUNA DA LAIFI

Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Mu masu saye mu ne muke ture koren lemo mu zaɓi ruwan ɗorawa. Alhali kuwa a ƙasashe masu zafi lemo yana nuna sarai ɓawonsa yana kore, domin sanyin dare ne yake juya launin, ba zaƙi ba. Mun hukunta mai gaskiya da kwantai, mun saka wa mai kabaid da ciniki.

Mu malamai kuma namu ya fi nauyi. Mun cika kunnen jama'a da saɓani a kan ƙabalu da sadalu da ganin wata, amma sau nawa ka ji huɗuba a kan abin da ake zubawa a wake da busasshen kifi da lemo? Mun bar mutane suna zaton taƙawa a sahun farko take ƙarewa, ba ta bin mutum zuwa sito. Ku kuma matasa, kuna da wayoyi a hannu kuna karanta Turanci, amma mahaifinka zai zuba magani a gabanka ba ka taɓa ɗaukar kwalbar ka karanta masa gargaɗin da ke jikinta ba. Tura bidiyon tsoratarwa a WhatsApp ba shi ne nasiha ba. Nasiha ita ce ka durƙusa gabansa da ladabi ka yi masa bayani.

TO MECE CE MAFITA?

Ba daidai ba ne a hana mutum abu ba a nuna masa madadinsa ba. Ga mai lambu: a tsinke lemo da hannu ko almakashi, a daina girgizo shi, kada a tsinka yana jiƙe. A riƙa tsince wanda ya faɗo ana binne shi da zurfi, ko a ƙulle a baƙar leda a bar shi a rana, domin a cikinsa ƙudan gobe yake. Akwai kuma tarkon da ke jan mazan ƙudan da ƙamshi, malaman gona sun san shi.

Ga ɗan kasuwa: ka saro gwargwadon abin da za ka iya sayarwa. Ka zazzage buhu da zarar ka iso, ka baza a inuwa inda iska ke ratsawa. Kowace safiya ka ware mai rauni ka fara sayar da shi a kan farashinsa, ruɓaɓɓe kuma ka nesanta shi, domin shi yake harbin sauran. Ƙuda kuwa yankin gidan sauro mai tsabta ya ishe shi. Kuma kada mu raina abin gida: Malam Muhammad Bah Abba, malamin makaranta a jihar Jigawa, ya sami kyautar Rolex a shekarar 2000 saboda yaɗa dabarar sa tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani, wadda ke sanyaya kayan lambu ba tare da lantarki ba. Irin wannan ake ginawa da bulo mai bango biyu don kaya masu yawa.

Ga mai ajiyar wake: buhun PICS mai ruɓi uku, wanda aka fara yaɗawa tun 2007, yana kashe ƙwaro ta hanyar toshe masa iska, haka ma duro ko jarka da aka cika aka rufe gam. Wanda kuma zai turara babban sito, ya nemi wanda ya karanci aikin. Ga cibiyar binciken kayan lambu ta NIHORT tana da reshe a Bagauda nan kusa da mu, ga cibiyar binciken adana amfanin gona ta NSPRI da reshe a Kano, ga malaman gona na KNARDA. Shugabannin kasuwanni su sa doka a tsakaninsu, Hukumar Hisba kuma ta tuna cewa asalin aikin hisba a tarihin Musulunci a kasuwa ya fi ƙarfi: mudu da sikeli da ingancin abinci.

Ga mai saye: ka shinshina kafin ka biya, ka wanke da ruwa mai yawa kafin a fere, wanda ke warin magani kuma ka bar shi ko da kyauta ne. Idan wani ya nuna alamun guba, kada a tsaya ɗura masa manja ko madara, a garzaya asibiti tare da kwalbar maganin in akwai.

KAMMALAWA

Ranar nan ban bar wurin dattijon ba sai da muka daidaita. Ya so ya karɓi lemon ya mayar mana da kuɗi, na ce: "Baba, in ka karɓa wa za ka sayar wa? 'Ya'yan wasu?" Ya sunkuyar da kai ya daɗe bai ce komai ba. A ƙarshe muka raba asarar biyu, muka haƙa rami a bayan makaranta muka binne buhunan. Da dabino da ruwa aka yi walima, kuma ba wanda ya tashi da ciwon ciki. Bayan mako biyu na bi ta wurinsa, na ga ya lulluɓe tirensa da yankin gidan sauro. Ya ɗaga mini hannu ya ce: "Malam, ka ga sabon maganina." Allah Ya saka masa da alheri, domin komawa ga gaskiya ba ƙaramin jarumtaka ba ne ga mai furfura a gaban ɗan cikinsa.

Ya ɗan'uwa, watan azumi yana zuwa kowace shekara, kuma a cikinsa ake cinikin kayan marmari fiye da kowane lokaci. Ka yi tunanin mai azumin da ya wuni da ƙishi, ya ambaci sunan Allah ya kai lemonka bakinsa, yana mai amince maka. Idan ba za ka iya gaya masa abin da ka zuba ba, to kada ka zuba.

Abin da na faɗa daidai daga Allah ne, kuskuren da ke ciki kuwa daga gare ni ne, ina neman gafararSa. Allah Ya tsarkake mana abincinmu da kasuwancinmu, Ya wadatar da mu da halal ga barin haram, Ya sa mu gama da duniya lafiya. Amin.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah.